Leshin Hannu: Ku Buɗe Littafin Ta Baya

Idan kuka miƙa wa gwanar leshin hannu aikinku, juya shi za ta fara yi. Za ta bi bakinsa da yatsa, ta nemi inda aka fara da inda aka tsaya, ta ɗaga shi ga haske ta ga ko mahaɗar ta ɓuya ko ta yi tudu. Kafin ta ce muku sannu da aiki ta riga ta san iya inda karatunku ya kai. Ƙannena mata da maza masu sha'awar aikin zare, wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina ganin yara masu hannu, masu haƙurin zama, suna ɓata wata guda a kan saƙa mai kyau, sannan su lalata ta a yini ɗaya da mummunan ƙulli, ko wankin ƙarfi, ko dutsen guga mai zafi. Laifin ba na hannunsu ba ne. Abin da suka koya a ciki, littafi ne ko bidiyon waya, ya raka su har tsakiyar hanya ya juya ya bar su.

Mu fara rarrabe kaya. Leshin da ake sawa a lefe, wanda ake cinikinsa a Kantin Kwari, yadi ne da inji ya yi wa ado, wani lokacin ya huda shi. Injin da ya buɗe wannan hanya, wani mutumin Suwizalan mai suna Isaak Gröbli ne ya ƙirƙiro shi a 1863, kuma tun shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya suke saƙa wa kasuwar Nijeriya irin wannan kaya. Yana da kyansa, ba na kushe shi. Amma wanda nake magana a kai daban ne: babu yadi a ƙarƙashinsa, zare ne kawai da sarari, hannu ya haɗa su. Akwai na allura, wanda ake ginawa ƙulli bisa ƙulli a kan zanen da aka yi a takarda ko fata. Akwai na matashi, inda ake naɗa zare a 'yan sanduna irin kwarkwaron masaƙa, a riƙa sarƙa su bibbiyu ana kafa fil a kan kati mai huji. Akwai na 'yar ƙoshiya, mai zobba da sarƙoƙi. Sai na kwarashi, wanda da yawanku kun fi sabawa da shi, idan aka yi shi da siririn zaren auduga da ƙaramin kwarashin ƙarfe. Kowanne da littattafansa, kowanne da yadda ake rufe shi. Wanda bai san wanne yake so ba, zai sayi littafin da ba nasa ba, ya zauna yana zargin kansa da rashin ganewa.

Wannan sana'a tare ta taso da littafi. A ƙarni na 16 ta bayyana a Turai, lokacin da injin ɗab'i ya riga ya yaɗu, kuma a 1557 aka buga Le Pompe a birnin Venis na Italiya, littafin zanen leshin matashi. Wajen 1561 wani ya fito a Zurik, wanda wata malama ta rubuta, ba a san ta ba sai da haruffa biyu, R.M. Ita ce ta ba da labarin cewa fataken Venis ne suka kawo sana'ar zuwa ƙasarta a 1536. To amma ku lura da abu ɗaya game da waɗannan tsofaffin littattafai: zane ne cike da su, bayani kaɗan. Mai littafin ya ɗauka cewa akwai uwa ko malama a gefenku da za ta nuna muku yadda ake farawa da yadda ake gamawa. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba. Har yau za ku sami littafi mai zane hamsin, kowanne ya fi wani kyau, amma maganar kammalawa layi biyu ce a shafin ƙarshe, ko ma babu.

Abin da ke faruwa idan ilimi ya zauna a hannu kaɗai, tsibirin Burano da ke kusa da Venis ya nuna shi. A da can sunan wurin ya kai ko'ina saboda leshin allura. Sai kasuwa ta faɗi, injunan Ingila irin na John Heathcoat na 1809 da na John Levers na 1813 suka cika duniya da leshi mai araha, mata suka ajiye allura. A hunturun 1872 ruwan da ke kewaye da tsibirin ya daskare, masunta suka rasa abin yi, yunwa ta shigo. Da aka yi shawarar farfaɗo da tsohuwar sana'ar don mata su sami abin sawa a baki, sai aka tarar wata tsohuwa ce, Cencia Scarpariola, ta rage mai riƙe da asalin ɗinkin. Tsufa ya hana ta koyar da aji, don haka wata malamar makaranta ta zauna kusa da ita tana kallon yatsunta, ta koya, ta koyar da 'yan mata. Da haka aka buɗe makarantar leshi ta Burano a wannan shekarar, da taimakon wata mai sarauta, Andriana Marcello. Duk lokacin da na tuna wannan labari gabana yakan faɗi, domin da ajali ya riga su zuwa wurin tsohuwar nan, da zanen ya rage a takarda, yadda ake yi kuwa ya tafi.

Saboda haka ga shawarata ta farko, kuma ita ce gindin duk sauran. Idan littafin leshi ya zo hannunku, a shago ne ko a waya, kada hotunan gaba su ruɗe ku. Ku tafi ƙarshensa. Ku duba jerin babuka ku ga ko akwai babin haɗa ƙarshe da farko, da ɓoye bakin zare, da wanki, da shimfiɗawa, da ɗinka leshi a jikin yadi. Ku ga ko an zana hoton mahaɗa daki-daki, ko kuwa cewa kawai aka yi a ɗaure a yanke. Littafin da ya ba wannan fanni shafuka masu yawa, marubucinsa ya taɓa zama da ɗalibai ya ga inda suke faɗuwa. Shi ya cancanci kuɗinku ko da zanensa goma ne kacal.

Wanda ba shi da ko sisi ma yana da inda zai fara. Thérèse de Dillmont, 'yar Ostiriya da ta yi aiki da kamfanin zare na DMC a yankin Alsas, ta fitar da babban kundinta na aikin allura a 1886, wanda a Turanci ake kira Encyclopedia of Needlework. An fassara shi zuwa harsuna 17, kuma yau yana nan kyauta a Project Gutenberg da Internet Archive. A cikinsa akwai kwarashi, akwai aikin 'yar ƙoshiya, akwai leshin allura da na matashi, da zanen hannu masu nuna inda kowane zare ya bi. Abin da ya sa na fifita shi shi ne babinsa na ƙarshe, inda ta yi bayanin wanke leshi, da sa masa sitaci, da guga, da kafe shi da fil. Da tsohuwar zuma ake magani. Akwai kuma Antique Pattern Library, inda masu sa kai suke ɗora hotunan tsofaffin littattafan zare waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, da taskar takardun saƙa da Ralph Griswold ya tara a Jami'ar Arizona ta Amurka, mai ɗauke da littattafan leshi da dama. Ku sauke abin da kuke buƙata sau ɗaya, ku kai a buga muku shafukan a takarda. Takarda ba ta jiran wuta ko data, kuma kuna iya rubutu a gefenta.

A littattafan zamani, mai son leshin matashi ya nemi na Pamela Nottingham, The Technique of Bobbin Lace, wanda ya fara fitowa a 1976, domin yana ɗaukar mutum daga naɗa zare a sanda har ya iya. Idan hannu ya faɗa, sai na Bridget Cook, Practical Skills in Bobbin Lace, na 1987. Wannan ba littafin zane ba ne, littafin warware matsala ne: yadda ake farawa, yadda ake juya kusurwa, yadda ake ƙara zare ko a cire, yadda ake haɗawa a rufe. A ganina shi ne ya fi dacewa da abin da ke damun yawancinku. Da yawa daga irin waɗannan littattafai an daina buga su, sai dai na hannu, kuma na hannun sun fi araha. Idan za ku aiki ɗan'uwa da ke waje ya sayo muku, ku ba shi cikakken sunan marubuci da lambar ISBN, kada ku ce masa kawai littafin leshi, ya dawo muku da na tarihi mai hotunan sarakuna. Na tarihin ma suna da ranarsu, irin na Mrs Bury Palliser na 1865 ko na Santina Levey na 1983, amma ba su koya wa hannu komai. Akwai kuma ƙungiyoyin masu sana'ar da ke da ɗakunan karatu da mujallu: The Lace Guild da aka kafa a Ingila a 1976, mai mazauni a Stourbridge, da OIDFA ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1982, da cibiyar Kantcentrum a birnin Buruj na Beljiyam. Jerin littattafansu kaɗai ya isa ya nuna muku sunayen da za ku nema. Abu ɗaya nake roƙonku: littafin da mai shi ke raye, ko haƙƙinsa bai ƙare ba, kada ku ɗauki hotunan shafukansa kuna rabawa a WhatsApp. Guminsa ne, kamar yadda saƙarku take guminku. Ku haɗa kuɗi ku biyar ku sayi ɗaya, ku riƙa karɓa-karɓa.

Kada harshe ya tsorata ku. Da yawa daga littattafan leshi mafi kyau da Jamusanci suke, ko Faransanci, ko harshen Holan, amma zanen aiki yana magana da kansa. Leshin matashi duk yawan adonsa motsi biyu ne: gicciye da murɗawa. Masu koyarwa a Beljiyam sun tsara launuka don nuna yadda ake jera su, kuma tsarin ya bazu: kore yana nufin gicciye da murɗawa sau ɗaya, wato rabin saƙa, shunayya yana nufin gicciye, murɗawa, gicciye, wanda ke ba da saƙa mai kama da yadi, ja kuma yana nufin a yi rabin saƙar sau biyu a jere. Wanda ya riƙe waɗannan uku zai iya bin littafin da ba ya jin ko kalma ɗaya a cikinsa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi karatu da Faransanci suna da wata riba a nan, domin kundin Dillmont yana nan da Faransanci, kuma Faransa na cikin ƙasashen da suka fi rubutu kan wannan sana'a. Masu kwarashi kuma su kula da tarko guda: littafin Amurka da na Ingila suna kiran ɗinki biyu mabambanta da suna ɗaya. Abin da Ba'amurke ya kira na biyu, Baturen Ingila na uku yake ce masa. Ku duba inda aka buga littafin kafin ku fara, in ba haka ba aikin zai fito gajere ko dogo ba ku san dalili ba.

Haka maganar zare. Lambar zaren auduga idan ta ƙaru, zaren siranta yake yi: lamba 10 mai kauri ce, 80 ko 100 kamar gashi. Tsofaffin littattafai suna ambaton zaren da aka daina yi tun kakanninmu suna yara, kuma lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba. Maganin wannan shi ne gwaji: ku saƙa ɗan yanki kamar faɗin yatsu uku, ku gani ko ya cushe ko ya yi sako-sako. Idan za a buga muku katin huji, ku tsaya a kan mai injin kada ya rage ko ya ƙara girman shafin, domin tazarar hujin an auna ta ne da kaurin zaren. Kuma kafin ku sayi zare a kasuwa, ku yanki ɗan guntu ku kusanta shi da ashana. Auduga tana ci ta zama toka mai laushi, da wari irin na takarda. Na roba yana narkewa ya dunƙule. Na roba ba ya karɓar sitaci yadda ya kamata, kuma dutsen guga yana iya narkar da shi.

Yanzu ga kammalawar kanta. Don ku san nauyinta, ku dubi garin Alanson na Faransa, inda minista Colbert ya kafa masana'antar leshi ta sarki a 1665 don kuɗin ƙasar su daina kwarara zuwa Venis. Leshin allurarsu UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan'adam a 2010. Santimita ɗaya murabba'i yana cin aikin awa bakwai, koyon sana'ar kuma shekara bakwai zuwa goma. Cikin matakan aikin, na ƙarshe-ƙarshen duk kammalawa ce: a raba leshin da fatar da aka zana shi a kai da reza, a bi shi da matsefata ana tsince guntayen zaren da suka riƙe shi ɗaya bayan ɗaya, a haɗa gutsattsarin da ɗinkin da ido ba ya gani, sannan a goge wuraren da suka cika da farcen wata dabbar teku 'yar'uwar ƙaguwa, don su yi santsi su taso. Mutanen da ke ba santimita ɗaya awa bakwai ba su ɗauki wannan a matsayin ragowar aiki ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Inda aikinku zai ƙare, tun kafin zaren farko ake zaɓensa. Idan bakin hankici kuke yi, ko wani abu mai zagaye da ƙarshensa zai dawo ya haɗu da farkonsa, ku zauna da zanen ku nemi wurin da saƙar ta fi cika, kamar jikin ganye ko gefen fanka, ku fara daga nan. Mahaɗa tana ɓuya a cikin cikakkiyar saƙa, amma a tsakiyar raga mai sarari kowa zai gan ta daga nesa. Masu leshin matashi suna da wata dabara da nake so ku koya da wuri: a kowane hujin farko, ana rataya ɗan madaukin zare mai launi daban, a ajiye shi gefe. Idan aiki ya zagayo, sai a zura zaren ƙarshe cikin madaukin a jawo shi ta cikin hujin farko, ba tare da an tsokani saƙar da kwarashi har ta yage ba. Masu 'yar ƙoshiya ma suna yin irin wannan don jan bakin zare ya shige cikin ƙulle-ƙullen. Wanda bai sa madaukin ranar farko ba, ba shi da yadda zai sa shi ranar ƙarshe.

Bakin zare kuma kada a yanke shi dab da ƙulli da zarar an ɗaure. Ku bar tsawon da zai shiga allura, ku bi da shi ta bayan aikin cikin saƙa mai kauri, ku ɗan koma baya, sannan ku yanke. Idan zaruruwan suna da yawa, kada ku tura su duka wuri ɗaya. Ku raba su, wasu hagu wasu dama. A nau'o'in leshin matashi da dama, fuskar aikin ce ke kwance a kan matashin, bayan ne ke kallonku, don haka ƙullin da kuka yi a sama a baya zai zauna. Ku tabbatar da wannan a littafinku kafin ku ɗaure. Kuma idan kun gama, kada ɗoki ya sa ku zare fil nan take. Ku rufe aikin da tsabtataccen ƙyalle ya kwana a haka, zaren ya saba da inda aka ajiye shi. Fil ɗin ma ya zama na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, musamman da damina, domin tabon tsatsa a farin leshi da wuya ya fita.

Wanki mafi kyau shi ne wanda ba a buƙace shi ba: wanke hannu kafin a taɓa zare, nisantar man shafawa, rufe aiki duk lokacin da aka tashi, balle da hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. In ya zama dole, ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙarfi sun isa. A jiƙa, a ɗan danna da tafin hannu, a ɗauraye sau da yawa. Ba a cuɗawa, ba a murɗewa, ba a sa bilic. Jiƙaƙƙen leshi nauyinsa yana ja masa, don haka a tallabo shi daga ƙasa, a kwantar a tawul, a naɗe tawul ɗin ya tsotse ruwan. Idan ruwan rijiyarku yana barin ja a bokiti, ku nemi wani ruwan don ɗauraya ta ƙarshe. A nan ne zan ja kunnenku game da tsofaffin littattafai. Dillmont ta koyar da a naɗa leshi a jikin kwalba, a rufe da siririn yadi, a tafasa shi cikin ruwan sabulu. Dabarar kwalbar tana da hikima, domin tana hana leshin tuƙuiƙuyewa, kuma sabon zaren auduga mai ƙarfi zai iya jurewa. Amma siliki, ko zare mai launi, ko tsohon leshin gado, kada ku kai su kusa da tafasasshen ruwa. Ku ɗauki ɗinki daga tsofaffin littattafai da yarda, ku ɗauki shawararsu ta wanki da gwaji a kan ɗan yanki.

Bayan wanki sai shimfiɗawa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu wankin hula ya ga yadda suke ɗora jiƙaƙƙiyar hula a kan itacen da aka sassaƙa daidai kai, ta bushe a kansa ta ɗauki siffarsa. Leshi ma siffar da ya bushe a kai ita yake riƙewa. Ku zana girman da kuke so a takarda, murabba'i ko da'ira, ku rufe zanen da farar leda don tawada kada ta kama aikin, ku ɗora a kan katifa ko kwali mai kauri. Ku kwantar da leshin yana da danshi, ku kafa fil a kusurwoyi huɗu tukuna, sannan tsakiyar kowane gefe, sannan tsakanin waɗannan, har kowane ɗan madauki na baki ya sami nasa fil ɗin ya buɗe. Wanda ya fara daga gefe ɗaya ya bi a jere, zai iso ƙarshe ya ga aikin ya karkace. Ja kaɗan ake yi, ba a miƙar da shi har zare ya yi ƙara. A bar shi a inuwa ya bushe sarai kafin a cire. Yawancin leshin da aka shimfiɗa haka ba ya buƙatar guga. Idan ya buƙata, a kife shi a kan tawul mai laushi, a ɗora ƙyalle mai danshi, a danna dutsen a ɗaga, kada a ja shi, don tudun adon kada ya mutu.

Sitaci kaɗan yake so, mai ruwa-ruwa, wanda aka tace, a shafa ta baya. Abin da za a sa a jiki, kamar bakin mayafi ko wuyan riga, gara a bar shi da laushinsa. Wasu littattafai suna koyar da sandarar da kayan ado da ruwan sukari; a ƙasa mai tururuwa da kyankyaso irin tamu wannan gayyatar ɓarna ce. Ko sitacin ma abincin ƙwari ne, shi ya sa leshin da za a ajiye na dogon lokaci ake wanke masa sitacin tukuna. A naɗe shi a kan wani abu mai zagaye maimakon a ninke, domin zare a kan layin ninki yake fara karyewa, a lulluɓe da wankakken farin yadin auduga. Kada a ɗaure shi a leda ya yi gumi, kada a fesa masa turare mai mai, kada kafur ya taɓa shi.

Ɗinka leshi a jikin yadi shi ne inda na fi ganin asara, domin a nan ne ake miƙa aikin wata guda ga tela mai sauri ya bi ta kansa da keke. Ƙa'idar ita ce leshi ake fara yi, yadi ya bi shi. Ba a yanka hankici sannan a ce leshi ya zo daidai. Ku zaɓi yadin da nauyinsa ya dace da zaren, siririn leshi da siririn yadi, auduga da auduga, ku wanke shi tukuna ya gama shan ruwansa, in ba haka ba wankin farko zai sa ya tsuke ya tattare leshin. Ku zare zare ɗaya daga jikin yadin don ku sami miƙaƙƙen layi, ku ɗora bakin leshin a kan layin, ku kama shi da dogon ɗinki na wucin gadi, ku duba kusurwoyi sun zauna. Daga nan sai ƙaramin ɗinkin hannu, allura tana shiga kowane hujin bakin leshin tana kama yadin, da zare mai siranta irin na leshin ko wanda ya fi shi. Sai an gama wannan ake juya aikin a yanke rarar yadin ta baya da ƙaramin almakashi, a hankali, a kalmasa abin da ya rage. Idan kuna sayarwa, ku lissafa awannin da wannan ya ci a cikin kuɗin, domin sau da yawa yana cin yini guda ko fiye.

Duk da haka, littafi yana da iyaka. Zai gaya muku ku ja zare daidai, amma daidai ɗin a yatsa yake. Idan akwai wata dattijuwa a unguwarku mai kwarashi, ko wani dattijo mai aikin hula ko babbar riga, ku je ku gaishe su, ku nemi izinin zama kusa da su. Ba leshin Venis suke yi ba, amma sun san yadda ake ɓatar da bakin zare a bayan aiki, da yadda ake riƙe farin yadi wata da watanni bai yi dauɗa ba. Ku ce, Baba ko Inna, a nuna mini yadda ake rufewa, kuma ku roƙi a maimaita a hankali. Ku tafi da littafin rubutu. Duk aikin da kuka gama, ku liƙa ɗan yankin gwajinsa a shafi, ku rubuta da Hausa sunan zaren da lambarsa, girman kwarashi ko tazarar huji, littafi da shafin da kuka ɗauko zanen, inda kuka fara da dalilin zaɓen wurin, yadda kuka haɗa, da awon aikin kafin wanki da bayansa. Ku bar rabin shafin fari, don bayan an yi amfani da kayan an wanke shi sau da yawa, ku dawo ku rubuta ko mahaɗar ta riƙe.